Koyar da Hausa a Ƙasar Wasu

Duk malamin da ya bar gida ya tafi Turai koyar da Hausa, sawun Dorugu yake bi, ko ya sani ko bai sani ba. Dorugu yaro ne ɗan ƙasar Damagaram da aka kama aka bautar, daga baya ya sami 'yanci a Barno, ya shiga ayarin Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim. A 1855 Barth ya tafi da shi Turai tare da abokinsa Abbega. A Ingila ya zauna gidan wani ɗan mishan, James Schön, yana ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, har da yadda ya ga Turawa suna zaman cin abinci, Schön kuwa yana rubutawa. Nahawun da Schön ya fitar a 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, duk da bakin Dorugu a cikinsu. Sunan Schön ne dai a bango.

An daɗe a haka. Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamus a 1906, a gaban Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya yi karatu. Sai a 1949 R. C. Abraham ya sa sunan Malam Mai Kano kusa da nasa a ƙamusunsu, kuma mu da muke wannan aiki ba mu manta masa da wannan adalci ba.

Su ma Turawan da suka zo mana koyarwa, waɗanda Hausarsu ta nuna su ne waɗanda suka fita daga bariki. Hanns Vischer ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ya saje da mutane har aka sa masa suna Ɗan Hausa, gidansa yana nan ana zuwa kallo. A makarantar tasa Dorugu ya yi koyarwa kafin rasuwarsa a 1912. Paul Newman aikin sa-kai na Peace Corps ya kawo shi Maiduguri a 1961 yana malamin makaranta. Bai tsaya a aji ba, ya bi harsunan mutanen wurin, ƙarshe ya rubuta babban nahawun Hausa da ya fito a 2000. Russell Schuh shi ma da aikin sa-kai ya fara, a Nijar.

Yau mu ne muke tafiya da sunanmu, muna riƙe da aji a Hambug, Warso, Beijin da jami'o'in Amurka. Wasunmu gidajen rediyo ne suka fara kai su, tunda BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus kuma a 1963. Wasu shirin Fulbright ne yake ɗaukarsu na shekara guda.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke zama idan mun je. Na koyar a wata jami'a a Jamus, na kuma ga yadda rayuwar malami take ƙuntata cikin sauƙi: daga ɗaki sai aji, daga aji sai masallacin Juma'a inda za ka haɗu da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, ku ci tuwo ranar Asabar, dare ya yi ka kwana a waya da mutanen gida. Babu laifi a ciki, kewa ce, kuma sanyin hunturu ba ya barin mutum yawo. Amma a jami'a kowa yana jin Ingilishi, saboda haka sai ka shekara ba ka iya sayen burodi da Jamusanci ba.

Don gudun haka, ajin dare na shiga, na masu koyon Jamusanci, tsakanin wani direba ɗan Turkiyya da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Siriya. Can na ɗanɗani abin da ɗalibaina suke ji. Ga kalmar a bakinka, ka san ta, amma kunya ta hana ta fita. Da na koma ajina, na daina gaggawar gyara wa ɗalibi idan ya kasa bambanta ƙ da k, ko karin sauti ya ruɗa shi. Sai in bar shi ya kai ƙarshen jimlarsa tukuna. Wata tsohuwa maƙwabciyata kuma ta fara kirana shan shayi ranar Lahadi, ranar da kantuna suke rufe. A teburinta na gane dalilin da ya sa ɗalibaina suke mamakin tsawon gaisuwarmu, don ita tambayar lafiyar iyali sai wanda aka saba da shi. Daga nan na canza darasin gaisuwa, nake fara shi da tambayarsu yadda suke gaida kakanninsu.

Azuzuwan Hausa a Turai ƙanana ne, wani lokaci ɗalibai ba su cika hannu ɗaya ba, kuma idan jami'a ta tashi rage kashe kuɗi irinsu take fara dubawa. Malamin da ya san mutanen gari, yake jin harshensu, yake iya tsayawa a taron sashe ya kare darasinsa, shi ne ajinsa yake da damar ɗorewa. Shi ya sa nake roƙon jami'o'inmu da suke tura malamai waje su ba mutum watanni na koyon harshen ƙasar kafin ya hau jirgi, su kuma nemi a riƙa tsawaita kwantiragin ya wuce shekara ɗaya.