Shekaru 170 ana gardama kan fatar ƙanƙara

A watan Yunin 1850 masanin kimiyya Michael Faraday ya tsaya gaban jama'a a Royal Institution da ke Landan yana bayani kan abin da duk mai sayar da ƙanƙara ya sani: idan aka haɗa dunƙule biyu, sai su manne da juna. Dalilin da ya kawo shi ne ya ta da ƙura. A cewarsa, saman ƙanƙara bai taɓa daskarewa ƙaf ba. Akwai wani ɗan siririn lulluɓi mai kama da ruwa a kansa, wanda ke daskarewa da zarar ya shiga tsakanin ƙanƙara biyu.

Wani masanin, James Thomson, bai yarda ba. Tun 1849 ya yi lissafin cewa matsi yana sa ƙanƙara narkewa kafin lokacinta, ƙaninsa William kuma, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya tabbatar da haka a gwaji. Don haka suka ce danniya ce kawai ke jawo mannewar. Faraday ya sake gwajin da dunƙule biyu a cikin ruwa mai sanyi, suna taɓa juna ba tare da an danna su ba, suka manne. Duk da haka 'yan'uwan ne suka yi rinjaye, domin su suna da alƙaluma, shi kuwa ba shi da abin auna lulluɓin nasa.

Maganar matsi ta daɗe a littattafan makaranta fiye da yadda ta cancanta. John Joly ya yi amfani da ita a 1886 wajen bayyana yadda masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ke sulɓi, amma lissafinsa bai rage ma'aunin narkewa da fiye da digiri 4 ba, alhali ana wasan a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. A 1939 masu bincike Bowden da Hughes suka hau Jungfraujoch a tsaunukan Suwizalan, suka nuna cewa zafin gogayya ya fi matsi tasiri.

Awon lulluɓin kansa sai a rabi na biyu na ƙarni na 20 ya yiwu, kuma a nan aka shiga ruɗani. Wasu sun harba ƙwayoyin furoton a kan ƙanƙara, wasu sun haska ta da haske suna lura da yadda yake dawowa, wasu sun yi amfani da hasken eksire. Kowa ya tarar da lulluɓin, amma kauri bai zo ɗaya ba. Wani sakamakon ya ninka wani har sau ɗari. A shekara ta 2000 Döppenschmidt da Butt, a Jamus, suka sauko da wata allura mai tsananin ƙanƙanta a hankali zuwa saman ƙanƙara. Tana isa lulluɓin sai ya fizgo ta, daga tazarar wannan fizga suka ƙiyasta kaurin: kimanin nanomita 32 a digiri 1 ƙasa da sifili, 11 a digiri 10 ƙasa da sifili. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Sun kuma ga cewa ɗan gishiri kaɗan yana ƙara masa kauri, abin da ya bayyana wani ɓangare na saɓanin: ƙazantar da ido ba ya gani, har da ita kanta allurar, suna sauya abin da ake son aunawa.

A 2012 Gen Sazaki da abokan aikinsa a Jami'ar Hokkaido ta Japan suka kalli lulluɓin da madubin ƙara girma, suka ga ashe iri biyu ne, ɗigo-ɗigo da kuma shimfiɗa. Masu bincike a cibiyar Max Planck ta Mainz sun nuna a 2017 cewa layin farko na ƙwayoyin ruwa ya riga ya saki a digiri 38 ƙasa da sifili, na biyu kuma yana bin sa a wajen digiri 16 ƙasa da sifili.

Ba don masu wasa kaɗai ake wannan wahala ba. A kan fatar ƙanƙarar gajimaren Antatika ne sinadaran kulorin ke rikiɗa su cinye iskar ozon. Binciken bai tsaya ba: a 2024 ƙungiyar Jiang Ying ta Jami'ar Peking ta ɗauki hoton saman ƙanƙara ƙwaya-ƙwaya, ta gano cewa tsarinsa yana fara hargitsewa tun a digiri 153 ƙasa da sifili.