Dala

Asalin kalmar dala wani kwari ne mai ma'adinin azurfa, Joachimsthal, a ƙasar Cek ta yau. Wajen 1520 aka fara buga kuɗin azurfa a can, Jamusawa suka gajarta sunan ya koma "thaler". Daga nan dalar Amurka ta samo suna.

Wadda kakanninmu suka sani ita ce mai hoton Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya. Fatake suka ƙetaro Sahara da ita, mata suna rataya ta a wuya don ado. Abin mamaki, tun bayan rasuwar sarauniyar a 1780, ko yaushe aka buga ta, 1780 ɗin ake rubutawa a jikinta.

Kalmar dala ba ruwanta da Dutsen Dala na Kano. A kasuwannin Nijar har gobe, dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa.