Daga Turke Zuwa Fagen Fama: Horon Doki A Tarihin Tambuwal

Masu iya magana na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babu inda kakanninmu suka riƙi wannan magana kamar wajen horon doki, domin a zamaninsu rayuwar gari na iya rataya a kan ladabin dabba guda.

Tarihi ya nuna cewa a yaƙin Tabkin Kwatto na shekarar 1804, dawakin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba su wuce ashirin ba, alhali rundunar Sarkin Gobir Yunfa na tafe da barade masu yawa. An yi nasara, amma da daula ta kafu, sai tsaron iyakokinta ya bukaci mahaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa kafa ribaɗi a bakin iyaka. Tambuwal, wadda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya riƙe, tana cikin garuruwan da suka fuskanci Kabawa. Gari irin wannan kuwa ba ya kwana sai da dawaki a turke.

To, amma dokin yaƙi ba a bayansa ake fara yin sa ba, daga ƙasa ake farawa. Dukushi yakan fara sabawa da ragama da turke da dabaibayi. Sannan a riƙa jan sa da igiya, ana yi masa magana, har ya gane muryar mai shi, ya san tafi, ya san tsaya. Sai ya natsu ake sa masa linzami, a ɗora sirdi ba mahayi. Bayan haka ne ake hawa a fita kilisa. A Turai ma har gobe masu horo kan tsaya a tsakiya da doguwar igiya, doki na kewaya su, kafin kowa ya sa ƙafa a likkafa. Dalilin ɗaya ne: dokin da bai saurari mutum a ƙasa ba, ba zai saurare shi ranar artabu ba.

Ranar 15 ga Maris, 1903, bindigogin Turawa suka karya rundunar Sakkwato a Giginya, zamanin barade ya kau. Doki ya koma na sarauta da hawan Sallah, daga baya mota da babur suka karɓe masa hanya.

Ya 'yan'uwa mazauna Legas da Abuja da Kaduna, da yawa daga cikin 'ya'yanmu ba su san bambancin ragama da linzami ba. Dattawan da suka san wannan ilimi a ƙasar Tambuwal da Kebbe suna ta raguwa. Idan mun zo gida Sallah, mu zauna da su, mu rubuta abin da suka sani tun suna raye. Allah Ya jiƙan magabata, amin.