Matsin Tattalin Arziki da Raunin Majalisa a Jamhuriyar Weimar, 1923–1933

Tsakure: Wannan maƙala ta kwatanta rikicin tattalin arziki biyu da Jamus ta shiga, na 1923 da na 1929 zuwa 1932, domin gano dalilin da ya sa dimokuraɗiyya ta tsallake na farko, na biyu kuma ya ci ta. Hujjar da take kafawa ita ce, matsin rayuwa ya tara wa Adolf Hitler magoya baya, amma mulki ya zo hannunsa ne bayan shugabannin ƙasar sun yi shekara uku suna tafiyar da gwamnati ba tare da majalisa ba.

A Nuwamban 1923 sai mutum ya tara mak, kuɗin Jamus, tiriliyan 4.2 kafin ya sayi dalar Amurka ɗaya. Ajiyar ma'aikata da 'yan fansho ta zama takardar banza. A cikin wannan wata ne Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich, 'yan sanda suka buɗe wa mutanensa wuta, shi kuma ya ƙare a kurkukun Landsberg. Gwamnatin Gustav Stresemann ta fito da sabon kuɗi, Rentenmark, farashi ya lafa. A zaɓen 1928 jam'iyyar Nazi ta Hitler ta tashi da kashi 2.6 cikin ɗari na ƙuri'u, kujera 12 kacal. Da talauci kaɗai ke naɗa ɗan kama-karya, da tun a lokacin an naɗa shi.

Rikici na biyu ya biyo bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta New York a Oktoban 1929, lokacin da rancen Amurka da masana'antun Jamus suka dogara da shi ya ƙafe. Bankin Danat ya durƙushe a Yulin 1931, kuma a farkon 1932 marasa aikin yi da aka yi wa rajista sun haura miliyan shida. Ƙuri'un Nazi suka tashi zuwa kashi 18.3 a Satumban 1930, suka kai 37.3 a Yulin 1932. Sai dai nazarin Jürgen Falter kan alƙaluman zaɓe ya nuna cewa marasa aikin sun fi karkata ga jam'iyyar kwaminisanci. Hitler ya fi samun karɓuwa a yankunan Furotesta, a karkara da ƙananan garuruwa, wurin manoma da bashi ya yi wa katutu da masu ƙananan shaguna, mutanen da ke da ɗan abin hannu suna fargabar rasa shi.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan an san waɗanda suka tsaga shi. A Maris 1930 gwamnatin haɗaka ta Hermann Müller ta wargaje saboda saɓani kan kuɗin inshorar marasa aikin yi, ita ce kuma gwamnatin Weimar ta ƙarshe mai rinjaye a majalisa. Shugaban ƙasa Paul von Hindenburg ya naɗa Heinrich Brüning shugaban gwamnati, wanda ya rage albashi ya ƙara haraji ana tsakiyar karayar arziki, yana dogaro da sashe na 48 na tsarin mulki, wanda ya ba shugaban ƙasa ikon kafa dokar gaggawa. A Yulin 1930 majalisar Reichstag ta soke dokar Brüning, kamar yadda tsarin mulki ya ba ta dama. Hindenburg ya rushe majalisar, ya sake kafa dokar. Zaɓen da ya biyo baya, wanda babu abin da ya tilasta yin sa a lokacin, shi ya kai kujerun Nazi 107. Daga nan majalisa ta yi ta shuɗewa: ta zartar da doka 98 a 1930, amma biyar tak a 1932, shekarar da aka kafa dokar gaggawa 66. Abin takaici ne ƙwarai, domin mai zaɓen da ya ga wakilinsa ba ya iya hana a rage masa albashi ba shi da sauran dalilin kare majalisa.

Mai ja da wannan bayani zai ce Friedrich Ebert, shugaban ƙasa na farko, ya yi amfani da sashe na 48 fiye da sau ɗari, jamhuriya kuma ba ta mutu ba. Gaskiya ne, amma Ebert ya yi hakan ne domin ya mayar da al'amura hannun majalisa, yayin da makusantan Hindenburg, musamman Janar Kurt von Schleicher, suke neman hanyar raba gwamnati da ita da kuma jam'iyyar Social Democrat (SPD). Wani kuma zai ce ai jama'a ne suka zaɓi Hitler. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan ba. Ya sha kaye a hannun Hindenburg a zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 1932, kuma a Nuwamba jam'iyyarsa ta yi asarar ƙuri'a kusan miliyan biyu, ta sauko kashi 33.1. Amurka ma, wadda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatanta suka rasa aiki, ta sauke Hoover ta zaɓi Roosevelt a wannan wata, fushin jama'a ya bi ta akwatin zaɓe.

Tauraron Hitler na dusashewa ne tsohon shugaban gwamnati Franz von Papen, wanda ya riga ya kifar da gwamnatin jihar Prussia a Yulin 1932 da sashe na 48, ya shawo kan Hindenburg ya naɗa Hitler shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, bisa tunanin cewa ministocin Nazi biyu kawai ba za su gagari masu ra'ayin riƙau ba. Washegarin gobarar da ta ci ginin Reichstag, 28 ga Fabrairu, Hindenburg ya sa hannu a dokar da ta dakatar da 'yancin faɗin albarkacin baki da na taro, ita ma a ƙarƙashin sashe na 48. Ranar 23 ga Maris majalisa ta miƙa wa gwamnatin Hitler ikon yin doka da ƙuri'a 444, alhali wakilan kwaminisanci na tsare ko suna ɓoye, 'yan SPD 94 ne kaɗai suka ƙi.