Ɓatan 'Yan Mata: Daga Zamanin Hari Zuwa Jangebe

Marubutan Amurka suna son labarin 'yan matan da suka ɓace a sansanin da iyaye ke kai yara lokacin dogon hutu. A littafin Riley Sager na 2018, The Last Time I Lied, 'yan mata uku ne suka fita da dare ba su dawo ba, mai karatu ya yi ta cizon yatsa yana neman wanda ya aikata. A wurinmu tambayar ta bambanta. Sau da yawa mun san wanda ya ɗauke yarinyar. Abin da ke hana mu barci shi ne nawa zai nema, kuma ko za ta dawo.

Mu mutanen Baure ba baƙi ba ne a wannan tambaya. Bayan jihadi ya kori sarakunan Haɓe daga Daura a farkon ƙarni na 19, zuriyarsu ta kafa sarauta a Zango da Baure, ƙarƙashin inuwar Damagaram. M. G. Smith ya bi diddigin wannan rabuwa a littafinsa kan Daura na 1978. Zama tsakanin manyan dauloli kuwa zama ne a bakin hari. Mahaya su faɗo wa ƙauye, maza su tsere ko su faɗi, a kora mata da yara zuwa kasuwar bayi, wasu har a haye Sahara da su. Littattafan tarihi sun adana sunayen sarakuna da na yaƙe-yaƙe. Sunayen yaran nan ba su samu shiga ba.

Abin da tarihin fada ya tsallake, adabi ne ya tsinto. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, yaro ne aka sace, amma mahaifiyarsa ce ke karya zuciyar mai karatu. Ta bar gida nemansa, ita ma ta faɗa bauta, aka yi arewa da ita ta cikin hamada, ba ta daɗe da ganinsa ba ta cika. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta buga tarihin rayuwarta a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kwashi mata da yara na danginta, aka yi ta tara wuri ana fansa.

Fansa! Kalmar da muka zaci ta tafi tare da kuɗin wuri, sai ga ta ta dawo ta wayar salula. An kwashe ɗalibai mata 276 a Chibok a Afrilun 2014, sannan 110 a Dapchi a Fabrairun 2018. A Disamban 2020 abin ya shigo jiharmu ta Ƙanƙara, inda aka sako samari 344 bayan kwana shida, gwamnatin Katsina kuma ta rufe makarantun kwana. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a Zamfara cikin dare. An dawo da 279 ranar 2 ga Maris, 2021.

A labarin Sager, shafin ƙarshe yana warware kullin. Yawancin 'yan matan Dapchi sun koma gida bayan wata guda, biyar sun rasu a hannun maharan, Leah Sharibu kuwa aka riƙe ta.