Fadamar Yayre da Tafkin Maga

'Yan'uwa, a da kogin Logone kan cika kowace damina ya malale fadamar Yayre. Jema da shinkafar daji su tofo, gauraka da dinya su sauka, masunta da makiyaya su wadata. Tun 1934 aka keɓe dajin Waza da ke gefenta.

A 1979 aka gina madatsar Maga domin noman shinkafa. Ambaliya ta ragu, ciyayi suka ƙone, kifi da namun daji suka yi ƙaranci. Sai a 1994 aka buɗe wa ruwa hanya, fadamar ta fara farfaɗowa, har ta shiga yarjejeniyar Ramsar a 2006.

Mai sayen kifin Maga a kasuwar Marwa, ka tuna abin da tafkin ya ci. Allah Ya kiyaye mana ita.