Taƙaddamar Jiragen Ƙarƙashin Teku Tsakanin Jamus da Amurka, 1915-1917

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya akwai ƙa'idar da ƙasashe suka yarda da ita a teku: jirgin yaƙi ba ya nutsar da jirgin fatake sai ya tsayar da shi, ya bincika kayansa, ya ga mutanen ciki sun tsira. Bin wannan ƙa'ida ya yi wa jirgin ƙarƙashin teku wuya, domin da ya ɗago kai igwa ɗaya ta isa ta huda shi, ga shi ba shi da wurin zuba waɗanda ya ceto.

Da yaƙin ya ɓarke, Ingila ta toshe wa Jamus hanyoyin shigo da abinci ta ruwa. Jamus ta rama ranar 4 ga Fabrairu 1915, ta ce duk ruwan da ke kewaye da Birtaniya fagen fama ne, har jiragen ƙasashe 'yan ba-ruwanmu su yi hattara. A watan Maris aka nutsar da jirgin fasinja Falaba, wanda ya taso daga Libaful zuwa Afirka ta Yamma, mutum sama da 100 suka halaka, ciki har da Ba'amurke ɗaya. Sai babbar masifa ranar 7 ga Mayu: jirgin ƙarƙashin teku na Jamus U-20 ya harbi jirgin fasinja Lusitania kusa da gaɓar Ayalan, kusan mutum 1,200 suka mutu, 128 Amurkawa ne.

Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya aika wa Balin takardun ƙorafi uku. Jamus ta kafa hujja da cewa jirgin na ɗauke da harsasai, kuma gaskiya ne, sai dai harsasai ba su halasta jinin mata da yara ba. Sakataren harkokin wajen Amurka William Jennings Bryan ya ajiye aiki a watan Yuni, domin a ganinsa Wilson na tsananta wa Jamus yana kau da kai daga laifin Ingila. Bayan nutsewar jirgin fasinja Arabic a watan Agusta, jakadan Jamus Bernstorff ya yi alkawarin ba za a sake taɓa jirgin fasinja ba sai da gargaɗi. Da aka harbi jirgin fasinja Sussex a Maris 1916, Wilson ya yi barazanar yanke hulɗa, Jamus ta faɗaɗa alkawarin ranar 4 ga Mayu, amma da sharaɗin Amurka ta sa Ingila ta sassauta toshewar hanyoyin ruwa.

Amurka kaɗai ake saurara, saboda tana da ƙarfi. Nowe, wadda ita ma ba ta shiga yaƙin ba, ta yi asarar ɗaruruwan jirage da ma'aikatansu kusan 2,000, kukanta bai sauya komai ba.

A Janairu 1917 hafsoshin Jamus suka rinjayi shugaban gwamnati Bethmann Hollweg, suna cewa cikin wata biyar yunwa za ta durƙusar da Ingila. Aka koma nutsar da jirage ba gargaɗi ranar 1 ga Fabrairu. Bayan kwana biyu Amurka ta yanke hulɗa, ranar 6 ga Afrilu ta shiga yaƙi.